Gishiri da Gawayi

Bappayo ya daina gaishe ni tun watan Safar.
In mun haɗu a ƙofar masallacin Bolari
sai ya sunkuya yana neman takalminsa,
takalmin da ke ƙafarsa.

Laifina bai fi tsawon ɗan yatsa ba:
layi guda a gindin takarda
inda aka ce mai lasisi ya sa hannu.
Ban sa ba.

Shagon ƙanƙara ya buɗe a Tashan Dukku,
firiza shida jere kamar shanu a mashaya,
dukansu suna tsotson soket biyu
ta wayar da ba ta kai kaurin tsinken tsire ba.
Wani yaro ya haɗa masa a yini ɗaya,
ladansa bai kai kuɗin tiyar wake uku ba.
Na ɗaga silin da bakin filaya,
ƙulli bakwai, kowanne an naɗe shi da ledar burodi.
Gurbin da fis zai zauna
ƙusa ce ta miƙe ƙafa a ciki,
'yar inci uku, wadda ba ta san narkewa ba,
sai dai shago ya ƙone a tsince ta a toka.

Na ce, ina wayar ƙasa?
Ya ce, ita ƙasa me ya haɗa ta da wuta?
Na ce, rami za mu haƙa a bayan shago,
mu kafa sandar jan ƙarfe,
mu zuba gawayi, mu bi da gishiri, mu shayar da shi ruwa,
don ranar da wuta ta yi ɓatan kai
ta sami ƙofar fita
wadda ba ƙirjin yaron shagonka ba.
Ya ƙyalƙyale: Gidado, miya za ka kaɗa?
Sa hannu kawai, mu da muka ci ƙasa tare!

Mun ci ƙasa tare, haka ne.
Shi ya sa.

Shekara ashirin da uku lasisin nan na aljihuna,
ya yi laushi kamar tsohuwar murtala.
Ba jami'in dubawa nake tsoro ba,
shi da mitarsa da ya ɗaure da kyauro.
Na taɓa shiga wani ɗaki a Herwagana
da asuba, bayan 'yan kwana-kwana sun naɗe tiyo.
Fanka ta narke ta zubo kamar kitse.
Kan tabarma ga littafin lissafi na 'yar aji huɗu,
rabi toka,
a rabin da ya tsira an ci tara bisa goma.
Tun ranar alƙalamina ya fi guduma nauyi.

Irinmu ba a yi mana kirari.
Ladanmu daren da ba abin da ya faru,
jariri ya yi barci, firiji ya yi ta gunaguninsa,
gari ya waye ba wanda ya tuna sunanmu.

Ran Laraba na ji a bakin mai shayi
wai murfin firiza ya ciji Manu,
ya yar da shi har bakin kwata,
ya tashi dai, yana ta duban tafin hannunsa.
Ban je ba. Ban aika ba.
Na kwana ina juyi, ina ƙirga ƙullin nan bakwai.

Yau da sassafe na buɗe ƙyaure,
ga rabin buhun gawayi jingine da dakali,
ga gishiri mudu biyu a baƙar leda,
ba saƙo, ba ɗan aike,
sai sawun babur da na sani, mai sulɓaɓɓiyar tayar baya.

Na ce wa Adda ta ajiye min kokon,
na ɗauki diga.